Labarin Tukunya A Tambayi Fata

Wata rana na shiga wurin yayata, na tarar ta zaunar da 'yarta mai shekara 14, ta danne mata kai, tana dirzar bayan wuyanta da soso da sabulu kamar mai kankare gindin tukunya. Yarinyar sai matsar ƙwalla take yi. Wuyan ya yi baƙi a daidai inda fata ke naɗewa, ya yi kauri, in ka shafa kuma ka ji shi da laushi kamar karammiski. Na ce, "Yaya, don Allah ki dakata, wannan ba dauɗa ba ce." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "To in ba ƙazanta ba mene ne? Wata uku ke nan ina fama da ita, kullum ƙara baƙi yake yi." Na ce a duba hammatarta. Can ma haka yake.

Likitocin fata sun san wannan baƙin farin sani. Galibi alama ce ta cewa insulin ya taru a jini. Insulin shi ne sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki. Idan jiki ya fara yi masa kunnen ƙashi, sai a yi ta ƙaro shi, yawan nasa kuma ya zuga ƙwayoyin fata su yi ta hayayyafa a wuya da hammata da matsematsi, wurin ya yi kauri ya yi duhu. Soso ba ya kaiwa inda abin yake. Dirzar ma ƙara ɓata wurin take yi, domin fata mai duhu in aka ji mata ciwo da tabo take ramawa.

Tun daga ranar nake lura da yadda mutane suka rabu gida biyu a kan sha'anin fata. Wasu sun ɗauke ta tamkar bango, gyaranta fenti ne, sai a yi ta sayen man shafawa ana jibgawa. Wasu kuma sun ɗora komai a kan ciki, wai ka sha kaza ka ci kaza, cikin sati guda fuska ta yi sheƙi. Kowane ɓangare ya riƙe gefen gaskiya ya saki sauran. Akwai abin da tukunya ke yi wa fata, akwai abin da ba ta iyawa, akwai kuma kayan girkin da in suka bar tukunya suka hau fuska sai su zama masifa.

Fata ita ce gaɓa mafi faɗi a jikin mutum. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kai murabba'in mita 1.5 zuwa 2. Abin da ido ke gani a sama matattun ƙwayoyi ne jere bisa jere, kaurinsu a fuska bai kai na fallen takarda ba. Masana kan kwatanta wannan saman da ginin bulo: ƙwayoyin su ne bulon, wani irin maiƙo da jiki ke haɗawa shi ne simintin da ke riƙe su. Katangar tana hana ruwan jiki ƙafewa, tana kuma tare ƙwayoyin cuta da ƙura da sinadarai masu sa ƙaiƙayi. A can ƙasa ake haifar sababbin ƙwayoyi, su yi ta haurowa har su iso sama su mutu su kakkaɓe. Tafiyar takan ɗauki kimanin sati 4 ga matashi, ta fi haka ga wanda ya manyanta. Ƙarƙashin wannan kuma akwai kolajin, zaren furotin da ke ba fata ƙarfi da tsayuwa. Duk kayan ginin nan jini ke kawo su, shi kuma jini daga abin da aka haɗiya yake ɗiba.

Tarihi ya nuna haka ƙuru-ƙuru. A shekarar 1747, James Lind, likita a jirgin sojan ruwan Birtaniya, ya ware matuƙa 12 da ke fama da wata cuta mai kashe masu doguwar tafiya a teku. Dasashinsu na zubar da jini, jikinsu duk tabo, raunukan da suka daɗe da warkewa suna sake buɗewa. Ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da abin da ake ba shi. Waɗanda aka ba lemun zaƙi 2 da lemun tsami 1 a kullum su ne suka farfaɗo cikin kwana 6. Sai a shekarun 1930 aka gano sirrin: bitamin C, wanda in babu shi jiki ba ya iya saƙa kolajin mai ƙwari.

Labarin da ya fi jan hankalina shi ne na masara, don shi ya shafi girki kai tsaye. Bayan da Turawa suka ɗauko masara daga nahiyar Amurka, talakawan Sifen da arewacin Italiya suka mayar da ita abincin safe da rana da dare. Sai wata cuta ta ɓulla. Duk inda rana ke taɓawa a jiki, bayan hannu da fuska da zagayen wuya, sai ya yi baƙi ya tsattsage ya riƙa saɓulewa, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. Wani likitan Sifen, Gaspar Casal, ya siffanta ta a 1735, daga baya aka san ta da suna felagara. A farkon ƙarni na 20 ta addabi kudancin ƙasar Amurka, ana ta zaton annoba ce mai yaɗuwa. Daga 1914 Joseph Goldberger ya shiga gidajen marayu da asibitocin masu taɓin hankali, ya lura ma'aikatan da ke cuɗanya da marasa lafiyar dare da rana ba sa kamuwa. Bambancin yana cikin kwano. Da aka ƙara wa marayun madara da ƙwai da nama da wake, cutar ta kau. A 1937 aka tabbatar abin da ya yi ƙaranci shi ne niyasin, ɗaya daga dangin bitamin B. To amma mutanen Meziko, waɗanda suka shekara dubbai suna rayuwa a kan masara, me ya hana cutar yi musu irin wannan ɓarna? Su kafin su niƙa ta sukan dafa ta da farar ƙasa ko tokar itace, wannan dahuwar ce ke kwance niyasin ɗin da ke ɗaure a cikin ƙwayar, jiki ya samu ya amfana. Turawa sun ɗauko irin, sun baro hikimar girkin a can. Masara ɗaya ce, hannun da ya dafa ta ne ya raba mai lafiyayyar fata da mai saɓulewa.

A yau, wanda ke samun abinci iri-iri da wuya ya kai ga waɗannan cututtuka. Ga mutane da yawa matsalar ta juya, ta koma ta abin da ya yi yawa, suga ne kuma a sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, har da na zuma da na ruwan 'ya'yan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga babba mai matsakaicin ci, wannan kimanin giram 50 ke nan, wato ƙaramin cokali 12. Hukumar ta ce in an iya sauka zuwa rabin haka ya fi. Gwangwani guda na lemo mai gas, mai mililita 330, yakan ɗauki kusan giram 35. Ka haɗa da cokali uku a shayin safe da biskit na yamma, an wuce gona da iri tun kafin a zauna cin abincin dare.

Ba sukari mai zaƙi kaɗai ba. Farin burodi da farar shinkafa da duk hatsin da aka cire wa dusa aka tace shi tas, jiki na narkar da su da sauri su koma suga a jini. Suga in ya yi tsalle, insulin ya bi shi. Insulin kuma yana tayar da wasu sinadaran girma da ke sa ƙofofin gashi su ƙara fitar da maiƙo, ƙwayoyin bakin ƙofar su yi yawa su toshe ta. Maiƙo a toshe shi ne gidan ƙuraje. A 2007 masu bincike a Melbon ta Ostireliya sun bi samari 43 masu ƙurajen fuska tsawon sati 12. Rabi aka sauya musu abinci zuwa wanda ba ya ɗaga suga da sauri, rabi suka ci gaba da irin wanda aka saba. Ƙurajen rukunin farko sun fi raguwa. Kafin nan, a 2002, an wallafa wani nazari a kan mutanen tsibirin Kitaba a Papuwa Niyu Gini, masu rayuwa a kan kifi da kwakwa da saiwoyi da 'ya'yan itace. An duba mutum 1,200, cikinsu har da ɗaruruwan matasa, ba a ga mai ƙurajen balaga ba.

A nan sai na ja birki, don ina ganin yadda ake amfani da irin wannan bayani a cuci yara. Ƙurajen fuska tushensu gado ne da sinadaran balaga. Abinci yana iya rura wutar ko ya rage ta, amma ba shi ya kunna ta ba. Akwai yarinyar da ba ta shan lemo ko kaɗan, fuskarta a cike, akwai mai sha kullum fuskarta sumul. Ɗora wa matashi laifin ƙurajensa, a ce kwaɗayinsa ne ko ƙazantarsa, zalunci ne, kuma yana jinkirta zuwa wurin likita har tabo ya zauna. Maganar da ake yi cewa man da ka ci shi ke tsattsafowa ta fuska, ita ma ba haka jiki ke aiki ba. Maiƙon fata a cikin fatar ake haɗa shi. Abin da zai iya toshe ƙofofin gashi shi ne man da ke fantsama a fuskar mai tsayuwa kan kaskon suya na sa'o'i.

To me ya sa ake ta cewa a koma girkin gida? A 2009 Carlos Monteiro na Jami'ar Sawo Paulo a Birazil ya kawo shawarar a riƙa duba abinci ta fuskar irin sarrafawar da ya sha a masana'anta, ya ware rukunin da aka sarrafa fiye da kima: kayan leda da kwali da gwangwani da aka haɗa daga gari tatacce da mai da suga da gishiri da sinadaran ƙamshi da launi, irin waɗanda in ka karanta jerin kayan haɗinsu za ka ga sunayen da babu su a madafar kowa. Bayan shekara 10, a 2019, Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka ya gwada abin. Ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike tsawon wata guda. Sati 2 ana ba su irin wancan abincin, sati 2 ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, an daidaita yawan suga da mai da gishirin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda. A makonnin ɗaya abincin suka sauke kwatankwacin haka. Ba wanda ya yi niyyar zari a cikinsu. Abincin ne mai laushi, mai saurin wucewa maƙogwaro, kafin ciki ya aika saƙon ƙoshi an riga an zarce.

Sai dai girkin gida ba laya ba ne. Tsaya kusa da mai girki ka bi hannunta da ido. Ta barbaɗa gishiri a ruwan dahuwa. Ta murmusa dunƙulen ɗanɗano uku ko huɗu, wanda kusan rabin kowanne gishiri ne. Ta zuba garin kayan ƙamshi na leda, shi ma da nasa gishirin. Ta ɗanɗana, ta ƙara kaɗan. Ba mugunta a ciki, harshe ne ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, ƙasa da ƙaramin cokali guda, daga dukkan abin da ya ci. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka har ya ɗan ɗara. Sakamakon hawan jini ne, da abin da ke biyo bayansa na shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Abin farin ciki shi ne harshe yana koyo. In aka riƙa ragewa sannu a hankali, cikin 'yan makonni abincin da ake ce wa salam zai dawo daidai, na da kuma a ji shi zau. Albasa da aka soya ta yi ja, tafarnuwa, citta, ɗan tsami da aka matsa bayan an sauke tukunya, duk suna cike gurbin da gishiri ya bari.

Haka mai. Wanda aka yi suya da shi jiya, aka juye a kwalba, aka sake ɗorawa yau da gobe da jibi, har ya yi duhu ya yi kauri yana kumfa yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya riga ya lalace, zafin ya farfasa shi zuwa sinadaran da ba su da amfani ga jijiyoyin jini. Zubar da shi ya fi lallaɓa shi.

Inda na fi jin takaici shi ne wajen ganye. An sayo shi shar, an yanka, an wanke bayan yankawa, an zuba a ruwa mai yawa an bar shi yana ta tafasa har korensa ya dushe, sannan aka tsiyaye ruwan a kwata. Bitamin C da folet, wanda shi ma dangin bitamin B ne, suna narkewa a ruwa, zafi kuma na kashe su, don haka rabon da aka sayo ganyen dominsa ya bi rariya. A wanke kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen girki, ruwa kaɗan, 'yan mintuna, a sauke yana da sauran korensa. Amma ba kowane abu ne ɗanyensa ya fi ba. Tumatir in ya dahu da ɗan mai, jan sinadarin da ke cikinsa ya fi shiga jiki. Karas ma haka, domin bitamin A da D da E da K da mai suke tafiya. Shi kuwa sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda ƙarancinsa ke sa fuska ta koɗe, farce ya yi gautsi, gashi ya riƙa zuba, bitamin C na taimaka masa shiga jini, shayi kuma na tare shi. Mai ƙarancin jini gara ta ci wakenta da tumatir ko lemu, ta jinkirta shayin zuwa bayan awa guda ko biyu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, dankali da rogo ba sa cikin lissafin.

Tsabtar girki kuwa maganarta gajera ce amma ta rai ce. Ƙiyasin hukumar na 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kwanciya ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60, don haka dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Ko dai ya zauna da zafinsa, ko ya shiga firji. Shinkafa ta fi yaudara, don akwai ƙwayar cutar da ke tsallake dahuwa, in aka bar tukunyar ta kwana a waje ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke su.

Yanzu ga inda ake juya hanya, a ɗauko kayan girki a kai fuska. Ni ma na taɓa faɗawa. Ina ƙuruciya ƙuraje suka bar mini tabo a kumatu, aka ce in riƙa goga lemun tsami. Na goga, na ji raɗaɗi, na ɗauka aiki yake yi, na fita rana. Kashegari wurin ya yi ja ya tashi, da ya lafa sai ya bar baƙin da ya fi na farko faɗi, ya yi wata da watanni kafin ya dushe. Daga baya na fahimci dalili. Saman fata yana da ɗan tsami na halitta, kusan 5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, wannan tsamin ne ke riƙe simintin katangar, yake kuma hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, kowane mataki guda a ma'aunin kuma ninki 10 ne. Ban da haka, akwai sinadari a lemun tsami da in ya haɗu da hasken rana yake ƙona fata. Bakin soda kuwa, farin garin nan da ake sa wa fulawa ta tashi, ya karkata ɗaya gefen, ya haura 8. Man goge baki da ake ɗigawa a kan ƙurji, da sukari ko gishirin da ake dirza fuska da su, duk rushe katanga suke yi. Ko man zaitun, da kowa ke yabo a tukunya, wani gwaji da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila aka wallafa a 2013 ya nuna shafa shi kullum na sati 4 ya raunana katangar fata, alhali man 'ya'yan furen rana bai yi haka ba. Kasancewar abu na ci bai sa ya zama na shafawa ba.

Abin da fata ke nema daga waje kaɗan ne ƙwarai. A wanke ta a hankali, fuska sau biyu a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da tafin hannu. Sabulun gargajiya na sanda yakan kai 9 zuwa 10 a ma'aunin nan, shi ya sa bayan wanka ake jin fuska ta ɗame. Wannan ɗamewar mutane ke ɗauka alamar fita fes, alhali maiƙon katangar ne aka kwashe. Mai busasshiyar fata ya nemi abin wanki marar ƙarfi, ya rage daɗewa a ruwan zafi.

Sai shafa mai, kuma lokacinsa ya fi tsadarsa muhimmanci: da an fito wanka, an ɗan tsane jiki da tawul, fata na da sauran danshi. Man shafawa aikinsa tsare ruwan da ke wurin. Gilisarin da yuriya, sinadaran da ake sawa a man shafawa, suna jawo ruwa su riƙe, shi kuwa Vaseline, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista tun 1872, rufe fata yake yi ya hana kusan dukkan ruwan ƙafewa. Don haka har gobe da wuya a samu abin da ya fi shi ga faso da kaushi da fashewar leɓe. Mai fuska mai maiƙo da ƙuraje ya nemi mai marar nauyi a fuskar, amma kada ya ce ya daina shafawa gaba ɗaya.

Rana ita ce aka fi rainawa, musamman a wurin masu duhun fata. Gaskiya ne melanin, sinadarin da ke ba fata duhu, garkuwa ne, baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, kansar fata ma ta fi ƙaranci a cikinta. Amma rana ita ke ƙara wa kowane tabo duhu, ita ke sa fuska ta yi launi biyu, ita ke cin kolajin a hankali har tamoji ya fito da wuri. A garin Nambo na Ostireliya an bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna masu shafa man kariyar rana kullum alamun tsufan fatarsu sun gaza na masu shafawa jefi-jefi da kashi 24 cikin 100. Mai lamba SPF 30 yana tare kimanin kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, mai lamba 50 kashi 98, muddin an shafa da yawa an kuma sabunta bayan awa 2 in ana cikin rana. Wanda bai samu ba, inuwa da hula mai faɗi da lema da sutura suna aiki. Duk mai maganin tabo da ba ya kare fuskarsa daga rana, ɗiban ruwa yake da kwando.

Sannan man bilicin, inda ake zuwa neman gira a rasa ido. Abubuwa uku aka fi samu a ciki. Akwai zaiba, ruwan ƙarfen nan da ake gani a tsohon ma'aunin zafin jiki, tana ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, ta kai ga ɗan da ke ciki, har mutanen gidan da ke amfani da tawul ɗaya ba su tsira ba. Yarjejeniyar Minamata, wadda ta fara aiki a 2017, ta sa wa zaiba iyaka a kayan shafa, a 2023 kuma ƙasashen suka amince a hana ta ɗungurungum. Akwai haidurokwinon, magani ne na gaske da likita kan bayar na ɗan lokaci, amma in aka shekara ana shafawa sai ya juya ya bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da ƙyar yake fita. Tarayyar Turai ta cire shi daga kayan kwalliya tun 2001. Na uku sitiroyid mai ƙarfi, shi ne ke ba da hasken gaggawa. Bayan watanni fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta tsaga cinya da damtse, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa, wani lokaci har hawan jini da ciwon suga. Wadda ta daɗe tana shafa irin wannan kada ta yanke rana ɗaya, don fata kan yi bore. Ta je likita ya janye mata shi daki-daki.

Ƙwayoyin ƙarin abinci da ake tallatawa don gyaran fata, yawancinsu kuɗi ne ke tafiya. Kolajin da aka sha ciki zai narkar da shi kamar kowane furotin, jiki ya kai shi inda ya ga dama. Biyotin, wani daga dangin bitamin B, bai da wani amfani a bayyane ga wanda ba ya ƙarancinsa, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa yawansa na iya ɓata sakamakon gwajin jini, har da wanda ake gano bugun zuciya da shi. Ruwa a sha gwargwadon ƙishi da zafi da aiki, amma ɗurawa ciki jarka guda ba ya warkar da busasshiyar fata, don matsalar a katangar take.

Duk gyaran da za a yi, a ba shi lokaci. Tunda sabuwar ƙwaya sai ta yi kusan wata kafin ta iso sama, maganin ƙuraje na ƙwarai ma yakan nemi sati 6 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk abin da ya canza launin mutum cikin kwana 7 akwai abin tsoro a cikinsa. Ƙurajen da ke yin ƙullutu masu zafi su bar rami, tawadar Allah da ta sauya girma ko launi ko ta fara jini, gyambon da ya ƙi warkewa, ƙaiƙayin da ya game jiki, waɗannan sun wuce madafa da kantin kayan shafa, na asibiti ne.

'Yar yayata asibiti aka kai ta. Gwajin jini ya nuna sugarta ta haura daidai amma ba ta kai ciwon suga ba. Likita ya ce da yayata kada a ware yarinyar da kwanonta daban, gidan gaba ɗaya za a gyara. Aka daina ajiye lemon kwalba a firji. Wake da ƙwai da ganye suka samu wuri a faranti, shinkafar ta ragu. Da yamma uwa da 'ya sukan fita su taka na rabin awa. Soson kuwa an jefar, sai wanki da hannu da ɗan mai bayan wanka. Da na koma bayan wata 8, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ɗaga gashinta ta ce, "Duba ki gani." Baƙin bai tafi duka ba, akwai sauran inuwarsa a cikin naɗin wuyan, amma kaurin ya kwanta, gwaji na biyu kuma ya dawo cikin iyaka.